Faifai Na Biyar

Huɗu ne labarin, na biyar gyara ne,
in ji Sidi mai faifai a Kasuwar Barci,
kamar wanda ya auna gero ya ƙara da tafi guda.
Yaya Hambali ya biya, ya cusa kwalin a aljihun rigar aiki
mai warin baƙin mai.

Mun kalli huɗun a Kakuri,
a ɗakinmu da ke jingine da katangar masaƙa,
duk daren da aka ga dama aka kawo wuta.
Wata duniya ce mai rana biyu,
kowa a cikinta da inuwa biyu yake yawo.
Masu haƙar ƙarfe suka tono abin da ba a tonowa.
Ba ya fara cin mutum,
inuwa ɗaya yake fara lashewa,
mai ita ya duba ƙasa ya san nasa ya ƙare.

Wata uku ban fita tsakar gida da dare ba
sai da fitila biyu a hannu.
Inna ta ce kananzir ba ruwan rijiya ba ne.

Na biyar kuwa Yaya ya hana.
Ya ce wanda ya leƙa madafa ba ya jin daɗin miya,
tsoron nan da kuɗina na saye shi,
ba mai ɓata mini.

Jiya, shekara tara da binne shi,
ina kwashe kaya saboda rufi ya fara yoyo,
kwalin ya faɗo daga bayan sif.
Na hura wa faifan iska, na goge da gefen zani,
tsohuwar na'ura ta yi tari ta karɓa.

Ashe dodon wani siririn dattijo ne.
Sun cire masa kan roba, ga gumi, ga sanƙo,
yana shan ruwa da tsinke, yana tambayar ƙarfe nawa.
Yawun da ya hana ni cin miyar kuɓewa
a bokiti ake dama shi.
Ƙarar karyewar ƙashi,
wata mata ce ke murɗe kabeji gaban makirfo.
Duniyar mai rana biyu
ba ta fi faifan tankaɗen Inna faɗi ba,
ranakun kuma ƙwai biyu ne na lantarki.

Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciya ta buga bango.

Sai na kai inda aka tara abin da aka yanke.
Ga makanikin nan da Yaya ke so,
wanda aka cinye a faifai na uku
ranar da Yaya ya jefar da takalmi ya ce ba a yi adalci ba.
A nan bai mutu ba.
Mai shirin ya ce sun ɗauka iri biyu,
sun zaɓi wancan don ya fi sa kuka.
A nan ya gyara injin, ya share hannu da tsumma,
ya nufi ƙofa da inuwarsa biyu cif.

Daidai nan faifan ya maƙale.
Fuskar ta farfashe gida-gida,
hannu a kan mariƙin ƙofa.

Na san dabarar man goge baki,
Yaya ne ya koya mini.
Ban tashi ba.

Na tuna gadon asibiti,
yadda ya rame har bango ya daina ganinsa.
Ba wanda ya zo ya ce a tsaya, a sake ɗauka.
Allah ya jiƙanka, Yaya, na leƙa madafar.
Miyar tana nan da yajinta.

Ruwa na ɗiga a roba.
Makaniki na riƙe da ƙofa.
Na zauna da shi har aka ɗauke wuta.